Sawun Jera a Gadon Bayan Littafi

Ranar da Jera ta ɓata ni na fara ganowa, kuma wannan ma sai da aka mai da shi laifi.

Safiyar Litinin ce. Na zauna a kujerata a maɗaba'ar Baba, na buɗe baƙar tagar nan ta kwamfuta inda ake rubuta umarni, na rubuta "jera" da sunan littafin hedimasta, wani tsohon kwastomanmu, na danna. Kwamfuta ta ce ba ta san wannan umarni ba. Na sake rubutawa a hankali, ta maimaita mini maganarta ba kunya.

Jera ba mutum ba ce, ko da yake a gidanmu ta fi wasu mutanen amfani. 'Yar manhaja ce da marigayi Kawu, ƙanen Baba, ya rubuta da kansa, babu irinta a kasuwa, babu a intanet. Wanda bai san aikin ɗab'i ba yana zaton shafi na ɗaya ake bugawa sannan na biyu. Ba haka ba ne. Babbar takarda guda ke ɗaukar shafuka da yawa, wasu a miƙe wasu a kife, yadda in an ninke ta kowane shafi zai faɗo a gurbinsa. Da can Baba ke wannan lissafi da almakashi da salatif, littafi guda ya cinye masa kwanaki. Jera kuwa kafin shayinka ya huce ta gama.

Wanda ya taɓa kwamfutar kowa ya san shi. Auta ne, ƙanena, wanda ya dawo daga karatun kwamfuta da kwali da ɗan gemu. Tun farkon shekara Baba ya tara mu ya ce ya gaji, ragamar shago ta koma hannun Auta. Ni da na shiga shagon nan tun ina 'yar sakandare, na san warin kowace tawada, na san kwastoman da sai an yi masa dariya yake ba da aiki, ni aka ce in riƙa taimaka wa yaro da shawara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ina kishin Auta, ban taɓa ɓoyewa ba. Ko ruwa aka zuba mana a kofi iri ɗaya sai in ga nasa ya fi sanyi.

Babban aikinsa na farko a kan mulki shi ne ya ce kwamfutar ta cika da shara, zai wanke ta tas ya zuba mata sabuwar babbar manhaja. Ranar Asabar ya kwafe komai a faifan ajiya, ya kulle faifan a durowar babban tebur, sannan ya wanke. Yana cikin yi na gitta ta bayansa na ce, "Allah ya sa ta ƙi tashi, mu ga ƙarshen ilimi." Kowa a shagon ya ji. Baki shi ke yanka wuya.

Da na kira shi safiyar nan sai ya taho yana murmushi.

"Haba Yaya, wannan ne ya tayar miki da hankali? Tana cikin faifai."

Ya ɗauko, ya jona, ya buɗe. Ga ma'ajin Kawu nan da sunansa, amma wayam, ko ƙura babu a ciki. Murmushin ya bushe a fuskarsa. Mai Inji ya bar goge hannu, Mai Ɗinki ta ajiye allura, idanu suka fara juyowa ɗaya bayan ɗaya har suka haɗu a kaina.

"Da idona na gan ta a ciki ranar Asabar," in ji Auta. "Makullin durowar nan daga ni sai Baba sai ke. Kuma ke kika fara gani ta ɓata. Kuma ke kika yi addu'a."

Na faɗi abin da na faɗa, wanda bai kamata a rubuta ba. Auta ya rantse ko ni ko shi a shagon nan. Ga littattafan karatu na makarantar hedimasta suna jira, ana gab da dawowa daga hutu. Baba yana zaune yana sauraro, can ya miƙo mini tafin hannu.

"Uwata, ba ni makullin. Ki ɗan huta a gida har ƙura ta lafa. In mako ya ƙare ba a ga abin nan ba, sai mu zauna a yanke magana." Ya juya ga sauran. "Aikin hedimasta kuwa kada ku damu. Kafin a haifi kwamfuta da hannu muke yi. Ni zan jera."

Kowa ya san maganar da za a yanke. Kujerata ce, da sunana.

*

Inna ce ta kore ni daga ɗaki. Ta ce kuka ba ya wanke suna, in tashi in je wurin Bin-Sawu.

Bin-Sawu ma wata ƙaya ce a ƙafata. Ajinmu ɗaya a makaranta, kuma kullum ina gabanta a jarrabawa. Yau ga ta da shagonta a layin masu gyaran waya, da mota, da sunan da ya karaɗe gari. Wanda hotunan bikinsa suka goge, wanda aka sace wa waya, wanda kwamfutarsa ta haɗiye aikin shekara, duk wurinta ake zuwa, don haka aka manta sunanta na yanka. Na tarar da ita ta duƙa a kan wata kwamfuta da aka farke cikinta. Na ba ta labari tana sauraro ba ta ɗago ba, sai da na kai aya ta kalle ni.

"Ke kika ɗauka?"

"Da ni na ɗauka zan zo nan in ga motarki?"

Ta yi dariya har da buga tebur. "Ba ki canza ba. To ki sani, in na bi sawu ya kawo ni ƙofarki, zan faɗa."

"Ki bi."

Ta rataya jaka. Haushin da na ji shi ne ko gyalenta ya fi nawa zama a kafaɗa.

*

Auta ya karɓe ta da fuska a ɗaure, don yana ganin an kawo wadda za ta duba masa aiki. Ta zauna a kujerata, na tsaya a kanta kamar baƙuwa.

"Wani lokaci umarni yana nan lafiya lau," in ji ta, tana taɓa madannai, "sabuwar manhaja ce ba ta san hanyar gidansa ba. Ka duba wannan?"

"Tun ranar farko. Na binciki kowane lungu. Na neme ta a intanet ma, ko wani ya taɓa ɗora ta."

"Abin da Kawunka ya ƙera a ɗakinsa, wa zai ɗora?" Ta jona faifan ajiya ta ɗan jima tana kallo. "An taɓa ma'ajin nan ranar Lahadi, bayan ka gama kwafa. Ba kuskure ba ne, hannu ne. Abin da aka goge yakan bar gurbi, akan iya tono shi. Amma an zuba sabbin kaya a kai. Wa ya zuba?"

Auta ya sosa ƙeya. "Ni ne. Da na ga abin da ya faru sai tsoro ya kama ni, na sake kwafe duk ayyukanmu a ciki."

"Wato ɓarawo ya wuce ta kan yashi, kai kuma ka bi da tsintsiya."

Wallahi na ji daɗi. Na ji daɗi ƙwarai, har sai da na tuna cewa sawun da ya share shi ne zai wanke ni.

"Ranar Lahadi wa ya shigo?" ta tambaye shi.

"Shago a rufe yake. Sai mai makulli." Bai kalle ni ba, amma ko makaho ya san inda maganar ta nufa.

*

Mai Inji dattijo ne, tawada ta zauna a faratansa ta ƙi tashi. Kowa ya san ba ya ƙaunar Auta, tunda yaron ya fara zancen sayo sabon inji wanda ba ya buƙatar faranti, wato fallen ƙarfen da ake fitar da shafuka a kai kafin bugu, balle mai wanke faranti. Bin-Sawu ta fara masa da wannan kai tsaye.

"Ni?" Ya dafa ƙirji. "Yarinya, ni ko kunna akwatin can ban iya ba. Da zan yi wa yaron nan mugunta, da yashi zan zuba masa a takalmi. Ba na son tsarinsa, gaskiya ne. Amma ki tsallaka titi ki tambayi wancan."

Wancan shi ne Na-Tsallake, tsohon yaron Baba, wanda ya koyi aiki a hannunmu ya je ya buɗe nasa shagon daidai fuskar namu.

"Ya riƙe makulli shekara da shekaru," in ji Mai Inji. "Wa ya san ko ya yanka wani? Kuma kwanan nan littattafansa fes suke fita."

"Aikin hedimasta fa, yana tafiya?" in ji Bin-Sawu.

"Kamar ruwa. Maigida yana shiga ɗakin ciki ya kulle, ya ce lissafin jeri ba ya son ido. Shi zai jera, shi zai ƙona faranti, ya miƙo mini a shirye. Tsohon hannu ke nan. Abu ɗaya ne ya dame ni. Tun safe sai ya ce in tayar da inji ko babu takarda a kai, wai mai ya zaga. Shekarun da na yi da injin nan ban taɓa jin mai yana buƙatar yawon safe ba."

Bin-Sawu ƙasa kawai take kallo. Halinta ke nan, in ana magana sai ka ce allura ta yar.

*

Na tsallaka titi da ƙarfina, na riga na yanke wa Na-Tsallake hukunci a zuciya. Ga sabon fenti, ga allon suna mai fitila. Namu allon tun ina yarinya yake.

"Lale da Yaya! An ce kin samu hutu," in ji shi. Ɗan banza, haƙoransa duk a waje.

Bin-Sawu ta nemi ganin yadda yake jera shafuka. Bai yi gardama ba, ya juyo mana da kwamfutarsa. Wata manhaja ce ta kanti mai launi-launi, ta 'yan kamfani, sai ka danna nan ka danna can kafin ta motsa.

"Jera?" ya ce. "Da na same ta da na yi rawa a tsakiyar titin nan. Na roƙi marigayi ya ba ni har na gaji. Makulli kuwa Maigida ya canza kwaɗo tun makon da na bar ku, ki tambayi Yaya, ita ta sa shi."

Gaskiya ne, ni na sa shi, kuma na manta. Bin-Sawu ta ɗauki wani ɗan littafi cikin waɗanda bai sa wa bango ba, ta juya shi, ta shafa gadon bayansa da babban yatsa, ta nemi ya ba ta. Muka fito. Mutum biyu sun fita daga zargi, saura ni.

*

Mun dawo muka tarar da Baba a bakin ɗakin ciki, an ajiye masa kujera, hedimasta yana gefensa suna shan shayi. Na daɗe ban ga Baba haka ba. Ya sa sabuwar riga, almakashi yana leƙe daga aljihu, muryarsa har titi. Yana ba hedimasta labarin yadda ya taɓa jera littafin lissafi gaba ɗaya ba tare da shafi ɗaya ya kauce ba. Mai Inji ya zo yana tambayarsa, Mai Ɗinki ta zo, har Auta ya zo ya rusuna yana neman sanin yaushe ninki na gaba zai fito.

Bin-Sawu ta durƙusa ta gaishe shi.

"'Yar nan, ke ce mai bin sawu? To Allah ya ba da sa'a. Amma kada ki wahalar da kanki, ga aiki yana tafiya."

"Baba, wani abu nake so ka gani." Ta miƙa masa wayarta, ta buɗe hoton ma'ajin Kawu da ranar da aka taɓa shi. Ya karɓa, ya kai ta nesa, ya dawo da ita kusa, sai ya mayar mata.

"Karanta mini, rubutun wayoyin nan ƙanana ne."

Ta karanta. Ya girgiza kai ya ce Allah ya tona asirin mai yi. Ni kuwa ko kallona bai yi ba, kuma na lura tun da na shigo bai ce Uwata ba. Wannan ya fi zargin Auta yi mini ciwo.

*

Mai Ɗinki tana can ƙuryar shago inda warin gam ya fi ƙarfi. Mace ce mai sanyin hali, aikinta ta ninke manyan takardu, ta ɗora ninki a kan ninki, ta ɗinke, ta shafa gam, ta sa bango. Ta rantse ba ta ga komai ba, ba ta ji komai ba, sannan ta kama hannuna ta ce ita dai ba ta yarda ni ce ba, amma da na riƙe bakina ranar Asabar. Na ce na gode da wa'azi.

Bin-Sawu ta ja kujera ta zauna tana kallon hannuwanta, har na fara ƙosawa.

"Anti, hannunki da sauri. Ba na ganin kina buɗewa ki duba lambar shafi. Yaya kike sanin ba ki sa na uku a gaban na biyu ba?"

"Ai tsani nake kallo."

"Wane tsani?"

Ta ɗago littafin hedimasta guda wanda ba a shafa wa gam ba, ta juyo mana da gadon bayansa. A kan kowane ninki, daidai kan karyar takarda, akwai ɗan baƙin layi. Na ninki na farko yana sama, na biyu ya ɗan sauko, na uku ya ƙara saukowa, suka tafi a jere kamar matakala.

"In na yi kuskure sai tsani ya karye, nan take in gani. Da an sa bango ya rufe shi, mai karatu ba ya taɓa sani."

Na san tsanin nan, kullum ina ganinsa, kamar yadda mutum yake ganin ƙofar ɗakinsa ba ya lura da ita. Bin-Sawu ta fito da littafin Na-Tsallake daga jaka ta juya bayansa. Fari fat.

"Anti, kin yi aiki a nan tun kafin kwamfuta?"

"Tun ina amarya."

"Lokacin da Baba yake jerawa da hannu, akwai tsani?"

"Ina fa! Lamba yake sa mini da biro a gindin takarda. Tsani ai marigayi ne ya zo da shi cikin abin nan nasa, ya ce don ya huta da mitata." Ta yi 'yar dariya, sai dariyar ta tsaya. Ta kalli littafin da ke hannunta, ta kalli tarin da aka buga jiya, ta sa hannu ta rufe baki.

Ni ma nan take na gane. Na zauna a kan dam ɗin takarda.

"Kada wadda ta ce uffan," in ji Bin-Sawu. "Gobe bayan la'asar a tara mini kowa."

*

Aka kashe inji, shagon ya yi tsit irin wanda ba mu saba ba. Baba yana kan kujerarsa, Auta a tsaye ya harɗe hannu, Mai Inji da Mai Ɗinki a kan benci. Inna ta zo ta zauna kusa da ƙofa. Na-Tsallake ma ya tsallako, ba a gayyace shi ba, amma wa zai hana shi kallon gobarar maƙwabci?

Bin-Sawu ta ɗora littattafai uku marasa bango a kan babban tebur, ta juyo da bayansu gare mu.

"Wannan na watan jiya ne, Jera ta jera shi. Ga tsani. Wannan na tsallaken titi ne, wata manhaja ta yi shi. Babu tsani. Wannan kuma na hedimasta ne, wanda aka buga cikin makon nan, bayan an ce Jera ta ɓata." Ta haɗa na farko da na uku gefe da gefe. Matakalar ta zo daidai, layi a kan layi, ko gashi ba zai ratsa tsakani ba. "Ba abin da ke sa tsanin nan sai abin da marigayi ya rubuta. Jera ba ta ɓata ba. Tana raye, kuma jiya ma ta yi aiki."

Sai Auta ya tafa hannu.

"Na gane! Wallahi na gane. Yaya ce ta ɗauke, tana jerawa a gida ta kawo wa Baba a ɓoye. Shi kuma yana rufa mata asiri saboda 'yarsa ce. Baba, ba haka ba ne?"

Maganar ta zauna daram. Na ga Mai Inji yana gyaɗa kai, na ga Na-Tsallake ya riƙe haɓa. Abin da kawai Baba yake buƙata shi ne ya yi shiru, shi ke nan an gama da ni. A karo na farko a rayuwata na haɗiye harshena, na zuba masa ido ina jira. Zuciyata tana cewa yanzu zai yi magana, yanzu zai ce ku bar mini Uwata. Yana kallon yatsun ƙafarsa. Shirun ya yi tsawo har Inna ta gyara zama, bai ce komai ba.

Bin-Sawu ta numfasa. Ta ɗauko babbar takarda ta shimfiɗa, ta zube wasu shafuka a kai, ta ajiye salatif.

"Baba, ka yi haƙuri da ni. Ninki ɗaya kawai nake so ka jera mana da hannu, mu ma mu koya."

Ya tashi a hankali. Ya zaro almakashin daga aljihu. Ya ɗauki shafi ɗaya ya kai shi kusa da fuska yana neman lambar da ke ƙasa, ya kai shi nesa, ya karkata shi wajen hasken taga. Shafin a kife yake a hannunsa, kowa yana gani, shi kaɗai bai gani ba. Ya ajiye shafin, ya ajiye almakashi, ya shiga ɗakin ciki. Da ya fito yana rungume da tsohuwar 'yar kwamfutar Kawu, wadda muka ɗauka ta mutu tare da mai ita.

"Tana ciki," ya ce. "Ni na ɗauke ranar Lahadi. Tsohuwar firinta tana ɗaki, ƙarar inji nake sa ta rufe tata."

"Inna lillahi," in ji Mai Inji. "Ashe yawon mai ke nan."

Inna ta ja gyale ta rufe fuska. Auta ya buɗe baki ya kasa rufewa.

"Baba, shagonka ne fa. Kai ka ba ni. Me na yi maka?"

"Ba ka yi mini komai ba, shi ne abin." Ya koma ya zauna, sabuwar rigar ta yi masa yawa. "Na ba ka ina zaton za ka riƙa zuwa kana tambayata. Ba ka zo ba, kuma komai ya tafi daidai. Rannan hedimasta ya shigo, mutumin da ni na buga katin aurensa, ya wuce ni a bakin ƙofa ya ce ina Injiniya, wato kai. Na koma gida abinci ya ƙi shiga. Ɗan cikina, ni na biya masa karatun, amma in na ji ana yabonsa sai in ji kamar ana zare mini wani abu a ƙirji. Na so a sake nemana, ko na mako guda ne. Na ɗauka hannuna bai manta ba. Hannu kam bai manta ba, ido ne ya tafi bai yi mini sallama ba."

Ba wanda ya iya kallonsa. Na-Tsallake ya sulale ya fita, kunya ta kama shi a karo na farko tun da na san shi. Bin-Sawu ta rataya jakarta ta tsaya daga baya, aikinta ya ƙare.

Auta ya zo gabana ya durƙusa, gemun nan duk hawaye. "Yaya, ki yafe mini. Kujerarki tana nan, shagon ma in kina so ki riƙe. Na zalunce ki."

Na dafa kansa na ce ya tashi. Abin mamaki, na nemi haushinsa a zuciyata na rasa. Wani wuri ne yake mini zafi. Na taka zuwa gaban Baba na durƙusa yadda na saba.

"Ni fa, Baba?"

"Uwata, na yi niyyar in mayar da ita in ce a wani lungu na tsinta. Kwana kaɗan ne kawai. Ke na san ko an kore ki za ki dawo."

"Ɗazu da Auta ya ɗora mini, ka yi shiru."

Ya sunkuyar da kai.

"Ba wannan ne ma ya fi ci mini rai ba," na ce. "Tun ina yarinya nake gabanka. Na karɓe maka rubutu, na karɓe maka tsari, na karɓe maka kwastomomi, rabin masu shigowa shagon nan ni suke nema ba kai ba. Ko sau ɗaya abinci bai taɓa ƙin shiga cikinka saboda ni ba. Yaron nan ya zo jiya, har ka yi sata a gidanka saboda shi. Ko a kishin ma, Baba, shi ka zaɓa."

Ya ɗago ya kalli wajen da fuskata take, leɓɓansa suka motsa. Na jira ya ce ƙarya nake yi. Bai ce ba.